Adakar Azumi Mai Ƙofa Biyu

Ba zan taɓa mantawa da adakar Azumi 'yar kawuna ba, ko na so in manta ma matan zangon Bawku ba za su bar ni ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ina aikin kafinta a Yendi ta ƙasar Gana, kuma in kun yafe mini yabon kai, ni ne kafintan zango. Benci, tebur, ƙofa, adakar da amarya ke zuba kayanta, duk wurina ake zuwa. Sirrin aikina kuwa ƙusa ce. Duk inda katako ya yi mini gardama sai in ƙara masa uku.

Ana nan sai ga wani Bagonje daga Salaga, Isaka sunansa, ya kafa rumfa a tsallaken titi, daidai inda in na ɗaga kai sai na gan shi. Shi ba ya sa wa adaka ƙusa. Wani haɗi yake yi da kafintoci ke kira dobtel. A yanka bakin katako ɗaya haƙora-haƙora, kowanne mai faɗin kai da siririn gindi kamar wutsiyar kurciya, a fafe bakin ɗayan daidai da su, a buga su shige juna su riƙe. Mata suka riƙa tsayawa suna shafa kusurwar adakarsa suna tubarkalla. (Shekara goma sha biyu ina aiki a garin nan, ba wadda ta taɓa shafa tawa, sai dai ta duba ko ƙusa za ta yaga mata zane.)

Na tsani mutumin nan, wallahi, kuma bai yi mini komai ba. Kullum da safe sai ya ɗago hannu ya ce, "Masta, an kwana lafiya?" ni kuwa in amsa masa ta hanci. Duk wanda ya zauna a bencina sai na faɗa masa aikin Isaka kwalliya ce kawai, damina ɗaya za ta tona shi. Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya tonu sai baƙin cikina.

Ran nan Kawu Alhaji Sanda, ƙanin mahaifiyata da ke fataucin shanu a Bawku, ya sauka a Yendi. Shi ya saya mini zartona na farko, kuma duk wani katako na gidansa ni na haɗa shi. Ina kallonsa da idona ya fara tsayawa a rumfar Isaka kafin ya tsallako wurina.

"Ɗan nan, bikin Azumi ya matso," in ji shi. "Gado da kabad na ba mutumin Salagan can. Adakar ma dai..."

"Kawu, adakar ma me?"

"Uwarta ta ce irin marar ƙusar nan take so."

"Haba Kawu! Dobtel? Ai tun ina koyon aiki na bar yinsa, don ya yi mini sauƙi da yawa."

Allah ya yafe mini, ban taɓa yanka ko ɗaya ba. Kawu ya dube ni ya ce, "To. In ta yi kyau, ƙannenta mata shida na nan tafe, duk adakunsu naka ne. In ba ta yi ba, ka san inda zan tsallaka."

Da mai hankali ne, da ya je ya yi sallama ya ce a koya masa. Ni? In durƙusa wa Isaka? Sai na koma shan koko wurin matar da ke sayarwa a gefen rumfarsa, kwano uku kowace safiya, ina kurɓa ina leƙe ta gefen ido. Na ga yadda yake jan layi da wuƙa, ya bi da ƙaramin zarto a karkace, ya sa cizal da gudumar katako ya fafe tsakani. Na ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan.

Mako uku ina fama. Na lalata katakon odum mai tsada da zai isa ƙofar masallaci, na yanke yatsa sau biyu. A ƙarshe haƙoran suka shiga, ko da yake wasu suna rawa kamar na tsohuwa. Na kwaɓa garin katako da gam na cike ramukan, na bi da fenti mai sheƙi, na ɗaura hannuwan ƙarfe biyu a gajerun gefunan.

Ina cikin ɗaurawar sai ga Isaka a kaina. "Masta, na ji kana yi dobtel. In duba?"

Na ja buhu na rufe adakar. "Je ka duba naka."

"To, amma wajen hannun adaka ɗin nan..."

Na ɗauki guduma na hau dukan wani katakon da bai yi laifin komai ba, har ya gaji ya tafi.

Ranar kai kayan amarya gidan miji, tsakar gidan Kawu a Bawku ba masaka tsinke. An jera kwanuka da tasoshi, dangin ango sun zo gani. Isaka ma yana nan, don shi zai haɗa gado a ɗakin amarya. Adakata na tsakiya tana ƙyalli, an danƙare ta da atamfofi da turare da sabulai har murfin da ƙyar ya rufu. Ni kuwa ina tsaye a gefenta cikin babbar riga, duk wadda ta matso sai in ce, "Hajiya, duba da kyau, ko ƙusa ɗaya babu." Ina faɗa ina satar kallon Isaka, don da shi nake. Mai kalangu ma ya samo sunana ya fara yi mini kirari.

Aka ce a ɗauki kaya. Gwaggon ango, wata ƙatuwar mata, ta kama hannu ɗaya, wata maƙwabciyar Kawu ta kama ɗayan. Suka yi bismilla, kowacce ta ja wajenta don ta ɗaga.

Ƙwas! Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa da katako a hannu, maƙwabciya ma haka a ɗaya ɓangaren. Adakar na nan inda take, baki buɗe gaba da baya. Atamfofi suka zubo, kwalbar turare ta fashe, jigidar amarya da kayan da ba a nuna wa surukai suka gangara har gaban takalmin Kawu, wanda ke tsaye da wan ango. Kalangu ya yi tsit. Azumi ta leƙo daga ɗaki ta koma da kuka.

Gwaggo ta juya katakon hannunta ta ce, "Jama'a, wannan adaka ce ko zaure? Na ga ƙofa biyu!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Togo. Na so ƙasa ta tsage in shige da babbar rigata.

Isaka ya zo ya karɓi katakon, kallo ɗaya ya yi masa. Na ce shi ke nan, yau zai rama. Sai na ji ya ɗaga murya: "Hanya ne! Mota ya girgiza shi tun daga Yendi. Ko nawa ne zai buɗe." Sannan ya sunkuyo kusa da kunnena. "Masta, dobtel gefe ɗaya yake riƙewa. Wutsiya a dogon katako yake zama, ya kulle katakon hannu a ciki. Kai ka juya shi, shi ya sa da an ja ya zare. Kana da ƙusa?"

Abin takaici, ina da ita. Kafinta ko Idi zai je ba ya rasa ƙusa a aljihu. Na zaro takwas na miƙa masa, ya ari guduma ya buga su a gaban matan da na gama rantse wa.

Kawu bai yarda da maganar mota ba. Da yamma ya ce mini, "Ɗan nan, gadon ma a motar nan ya zo." Ƙannen Azumi shida suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, adaka shida, duk a tsallaken titi aka yi su ina kallo. Ni aikina a bukukuwan shi ne bencin da baƙi za su zauna.

Abin da na koya shi ne, in har sai ka yi wa mutum hassada, to ka matsa kusa ka yi ta, ka yi sallama a ba ka kujera, don daga nesa rabin aikin kawai ake gani. Daga baya na sauke girman kai na je, Isaka ya nuna mini komai kafin shayinsa ya huce, na kuma gode masa. Amma rufin asirin nan da ya yi mini a gaban mutane, har yau ban yafe masa ba.