Mutum Ɗaya, Ɗaki Shida

"Ina wuni, amarya?" na ce, ina cire takalmi a bakin ɗakinta.

"Lafiya lau, baƙo. Wa kake nema?" in ji kakata, ko ɗago kai ba ta yi ba daga zaren da take ƙoƙarin zura wa allura.

Nan na san labari ya riga ni isowa. A ofishin tsara birni nake aiki, a sashen da ke hasashen yawan jama'a da gidaje da ayyukan yi nan da shekara talatin. Makon jiya muka liƙa manyan takardu a tituna don mutane su ga abin da muka hango: jama'ar birnin za ta ninka, muhalli kuwa ba zai isa ba. Ni aka sa in zaɓi hoton da zai nuna tsofaffin gidajen da suka yi wa masu su yawa. Cikin tarin hotunan da masu ƙidaya suka kawo, na ɗauki wani gida mai koriyar ƙofa, na rubuta a ƙasa: mutum ɗaya, ɗaki shida. Sai da ƙanwar babana ta kira ni ta wanke ni tas, sannan na san gidan kakata ne. Ni shuɗiyar ƙofa na sani. Ashe wata bakwai ke nan da aka sake mata fenti, rabona da gidan kuwa ya fi haka.

Na zauna a gefen gado, na karɓi allurar na zura mata zaren, ko na samu sassauci. Ban samu ba.

"Au, ashe idon yana gani," ta ce. "Mutumin da ke hango shekara talatin, amma ƙofar gidan da aka yanke masa cibiya ta gagare shi."

"Laifin fentin ne. Wace tsohuwa ce ke shafa wa ƙofa kore in ba sabon miji take nema ba?"

"Nema nake. Tsohon mijin ya gudu, ya koma auren na'ura."

Ta ce ai ma lissafin namu ƙarya ne, gidan nan ya fi mutum goma. Ta fara da kyanwa, ta sa rediyon da ba ya rufe baki, ta sa ƙadangarun bayan ɗaki, har da gwiwarta ta hagu, wadda ta ce mutum ce mai zaman kanta tunda sai an lallashe ta take tashi. Na ce na'urarmu ma ta yi ta ƙoƙarin cire ta daga lissafin shekara talatin ta kasa, dole muka bar ta a ciki da haƙoranta uku. Ta tambayi aikin da muka tanadar mata a cikin dubban ayyukan da muke cika baki za a samu. Na ce shugabar sashen sa ido ta unguwa, tunda ta daɗe tana yi kyauta.

"Da ni ke sa ido, da na ga ƙeyarka tun bara," ta ce. "Ga ta nan kamar murfin tukunya, irin ta kakanka."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɗinkinta, tana faɗa mini cewa an liƙa takardar a tashar mota, daidai inda matan layin ke jiran abin hawa. Dillalin gidaje ya zo sau biyu yana tambayar ko na sayarwa ne. Matar mai wanki ta shigo yi mata jaje, kamar an yi mutuwa.

"Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni kai, cewa nake kana zuwa kowane mako, sai dai ba ka daɗewa," ta ce. "Yanzu ga hannunka a bango, ka ƙaryata ni da manyan baƙaƙe."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce gobe da safe zan sa a bi tituna a cire takardun duka.

"A kan me? Ƙarya aka rubuta?"

Ta mai da kai ga allurarta har ta kai ƙarshen ɗinkin, ta sa haƙoran nan nata ta yanke zaren. Sannan ta ɗaga matashin kai, ta zaro wani makulli ta jefo mini a cinya.

"Ɗakin ubanka ne, na ƙurya. Rufin yana yoyo, kai ma ba wani abin kirki ba ne, kun dace."

"Kaka, ofis fa da nisa daga nan."

"Ka hango shekara talatin, tashar mota ce za ta yi maka nisa?" Sai a lokacin dariyar ta ƙwace mata. "Kada ka cire ko ɗaya. Ka kwaso kayanka, sannan ka bi takardun da alƙalami kana gyarawa. Ka rubuta mutum ɗaya da rabi, sai na ga kamun ludayinka."