Teburin da ke ƙirga loma

Ba zan taɓa mantawa ba da marecen da na kunyata baƙina da aikin hannuna, alhali duk nufina in burge su.

Tun da na yi ritaya daga izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, inda na daɗe ina aikin kuran, wato wutar lantarki, zama ya gagare ni. In zauna, in tashi, in kwance rediyon da lafiyarta ƙalau, in sake ɗaurawa. Matata Hajiya takan ce kujerun gidanmu ƙaya gare su. A wannan hali na tuna wani tebur da na gani a wani otal a Dubai: ka kai hannu bisansa, wuta ta kama ƙarƙashin gilashi, ta bi hannunka duk inda ya nufa. Na ce in dai ɗan Adam ne ya yi shi, ni ma sai na yi.

Na aika Sakkwato aka sawo mini ƙananan ƙwayayen fitila na led masu launi-launi da idanun infraruj (irin ɗan idon nan na bakin telekomand, wato rimot ɗin talabijin, mai aiki da hasken da mutum ba ya gani). Wani kafinta a Konni ya haɗa mini akwati, na raba shi gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da ƙwansa da idonsa, tsakiya kaɗai na bari don ajiye kwano. Wata biyu ina liƙa wayoyi da dalma, yatsuna uku suka ƙone. Da ya kama aiki sai na ga bai isa ba, na ƙara masa 'yar ƙararrawa: hannu ya wuce, wuta ta kama, ya ce "ƙil". (Na Dubai ma ba ya haka. Wannan shirmen nawa ne ni kaɗai.)

Ana nan, ɗana Sani ya ga wata 'yar Fulani a Tajaye, amma danginta ba su cika son ba ɗan birni ba. Aka yi ta kai da kawo, har baffanta Ardo Bello ya yarda zai zo da ƙanensa ya ga gidan da za a kawo ɗiyarsu. Abin da ya gani shi zai yanke maganar.

Ranar, Hajiya ta soya zabi, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta ce a shimfiɗa musu tabarma a ɗakin baƙi.

"Tabarma?" na ce. "Ga tebur wanda babu irinai daga nan har Tawa?"

"Alhaji, Hillani na fa."

"Ni da nike jin Fillanci za ki gaya wa halin Hillani?"

Ta ce to, ta koma murhunta.

Na ci abinci a gidajen duniya. A Lyon mai gida na zaune gabanka, yana tambayarka ko ya yi daɗi. A Tarabulus ana ƙara maka har sai ka roƙi arziki. Duk na riƙe wannan. Na ƙofar gidana ne ya kuɓuce mini: Bafulatani ba ya ci a idon suruki. Akan ajiye masa, a fita, a saki labule, kuma ba mai neman sanin ko ya ci ko bai ci ba.

Bayan magariba na jera kwanoni a tsakiyar tebur, na kunna shi a ɓoye, na fito, na saki labule. Na kasa zama, sai zagaya tsakar gida nake. Can sai "ƙil", labule ya yi ja. Shiru. Sai kuma "ƙil", labule ya yi kore. Hajiya ta dafe kai, Sani ya sunkuya yana kallon takalminsa, ni kuwa ina murmushi ina lissafi da yatsu. Sau bakwai, daga nan ɗif.

Na jira, na jira. Zuciyata ta ce waya ce ta tsinke. Na ɗauki turnabis, abin kwance noti, na faɗa ɗakin, sallamar ma a guje na yi ta.

Na tarar da su sun ja baya sun jingina da bango, hannuwa a cikin riga, zabi na nan kamar ba a taɓa ba.

"Ardo, ya lalace ne? Ai sau bakwai kaɗai ya kama."

Ardo ya dubi ƙanensa, sannan ya dube ni, ya yi magana a hankali.

"Lafiya lau yake, Alhaji. Ashe gidanga ana ƙirga loma."

Na tsaya da turnabis a hannu kamar wanda ya zo yi wa baƙi allura.

Hajiya ce ta cece mu. Ta yi sallama daga bayan labule ta ce, "Baffa, ku yi haƙuri, tun da ya bar aiki haka muke fama. An yi shimfiɗa a zaure." Aka mayar da abincin can, ta rufe ƙofa da kanta, ta kafa mini kujera a ƙarshen gida, ta ce in na motsa sai ta gaya wa kowa a Konni.

Ardo bai ba da amsa ba sai da aka kai damina. Da amsar ta zo, cewa ya yi ya ba da ɗiyar, don gidan da ke da irin wannan uwa yarinya ba ta wulaƙanta, ko da kuwa uban yana da sauran magani.

Teburin yanzu yana ɗakin ajiya, yana sanar da mu zuwan ɓera. Ardo kuwa duk sanda ya zo, kafin ya wanke hannu sai ya ɗaga gefen tabarma ya leƙa. Ni dai na gane cewa kafin ka ba tebur ido, ka tambayi matarka ko baƙin suna son a gan su.