Dabbar da Na Ɗauka a Scotland

Awa tara na yi ina tuƙi daga Longsight zuwa wani ƙauyen bakin teku a Scotland, da sabuwar kyamara rataye a wuyana, ina yi wa matata Hauwa da yara lacca kan ɗaukar hoto. Muna isa, ga duwatsu sun tokare sama, sai na hango wani baƙin abu kwance a gefen ruwa.

"Seal ne, dabbar teku! Kowa ya yi shiru," na ce. "Dabbar nan akwai tsoro, ni na san halinta."

Na kwanta rub da ciki cikin laka ina jan jiki kamar soja. Na ɗauki hoto ya fi hamsin, har na tura wa dangi hoto ɗaya ta waya.

"Baban Amira," in ji Hauwa, "dabbar taka fa shayi take sha."

Sai dabbar ta miƙe tsaye. Ashe wata tsohuwa ce cikin baƙaƙen kayan iyo. Ta ɗago mini kofinta tana murmushi.

Har yau in muka je gaida surukata a Sparkhill, daga bakin ƙofa yayan Hauwa yake ƙwala kira: "Hajiya, tashi zaune! Ga mai kyamara ya iso."