Ranar da Maroƙi Ya Mai da Ni Lokotoro

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena a Tabotaki ba, cikin shekarun casa'in, ina ɗalibin farmasi a Dakar. Na zo hutu da tabarau a fuska (idona lafiyarsa ƙalau) da ɗan karen surutu.

Bayan ɗaurin aure Kawu ya ce, "Kai ɗan lakwal, mi kuke koyo can?" Ai kuwa na gyara zama. Na ce ciwon daji kamar gafiya yake, ka toshe rami ɗaya ya ɓulla ta wani. Akwai wasu sinadaran jiki, anzim, da yake dogara da su yana yaɗuwa, mu kuwa muna ƙera magani guda da zai toshe da yawansu lokaci ɗaya. "Mu" fa na ce! (Farfesa ke zana abin a allo, ni kwalabe nake wankewa.)

Ashe maroƙi na tsaye bayana. Sai ji na yi ya kwarara, "Jama'a, lokotoro ya zo! Ya haɗa maganin daji!" Mata suka rangaɗa guɗa. Maimakon in ce ni ba likita ba ne, wallahi hannu na ɗaga musu kamar depite, ɗan majalisa.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Hajo, wadda ta goye ni ina ƙarami. Ciwon ya kama ta a nono, kuma ranar ce za ta koma asibitin mishan a yi mata aiki. Ta sallami mai mota, ta taho da moɗar ruwa, mata na biye da ita.

"Ɗana, na hwasa tahiya. Ba ni maganin in sha nan."

Gaban kowa na ce, "Gwaggo, babu shi. Zane ne kawai, ko ɓera bai ɗanɗana ba." Wata tsohuwa ta yi salati, sauran suka fashe da dariya.

Da gudu na bi motar har bakin kasuwa, takalmi a hannu, ina roƙon direba ya juyo. Ya juyo muka ɗauki Gwaggo. A hanyar asibiti kunya da tsoro suka haɗe mini, na kama kuka, ƙato da ni. Ta dafa kaina ta ce, "Bar kuka, sakarai. Koma ka ƙare zanen naka. In ban sha ba, wata ta sha."

Aka yi aikin, Allah ya ƙara mata shekaru tana tsokanata. Tun ranar, in mara lafiya ya zo wurina, mota nake fara sa shi, lacca ta biyo baya.