Ranar da Na Kira Dila da Radiyo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je kiran dila da radiyo ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni. Laifina ne tun daga farko har ƙarshe, kuma gara in faɗa da bakina, tunda masu ba da labarin a Tamaske suna ƙara masa gishiri.

Lokacin na dawo daga Abijan ke nan bayan shekara biyu, da wando mai faɗin ƙafa da wata ƙatuwar radiyo mai kaset, pil, wato batir, shida take ci. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, makarantar boko, ba, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni ne mushe, malamin makarantar. Na tarar da matata Dije cikin damuwa. Awaki uku ta tsira da su daga fari, suka haihu, dila ya ɗauke 'ya'ya biyu a bakin kwari. Saura wata 'yar ja guda ɗaya, kuma kowa ya san zai dawo mata.

Mahaifin Dije, Baba Arzika, tsohon mahalbi ne. Yadda yake yi, sai ya ɓuya inda iska ba za ta kai wa dila warinsa ba, ya naɗe ganye a baki ya yi kukan ɗan akuya, har dila ya baro duwatsu ya fito fako, inda babu wurin ɓuya. Sai dai haƙoransa na gaba sun zube, kukan ya daina fita daidai. Ni kuwa, maimakon in yi shiru kamar kowane surukin kirki, sai na buɗe baki a gaban mutane na ce, "Baba, ai zamanin busa ganye ya wuce."

Ya dube ni ya ce, "To, ɗan Abijan, gobe ka gwada muna zamaninka."

Na raba 'yar akuyar da uwarta, ta yi ta tsala kuka, na ɗauka a kaset. Ba ni da sabon kaset, sai na zaro ɗaya daga kwandon Dije, cikin waɗanda nake aiko mata daga Abijan (ba ta karatu, ni kuma ba na son wani ya karanta mata wasiƙata). Kaɗan na ɗauka a farkonsa don kada pil su mutu. Ban saurari sauran ba.

Da gari ya waye muka fita mu uku: ni, Baba Arzika da bindigarsa adaka, sai taubashina Illa, wanda ya ce ya zo ne kawai don ya ga yadda ake halbi irin na Abijan. Na ajiye radiyo a tsakiyar fako, na ƙure murya, na danna, na rugo muka kwanta bayan duwatsu, kamar taku arba'in.

Wallahi abin ya yi! Ba a jima ba sai ga dila ya leƙo, ya shinshina iska, ya fito fili yana tafe yana tsayawa. Baba ya ɗaga adaka, ya yi raɗa ya ce, "Bari shi ƙara matsowa." Ni har na fara shirya abin da zan faɗa a majalisa.

Sai kukan ya yanke, aka ji ƙyat, sai ga muryata ta cika dajin: "Dije, Dijena, wallahi tun da na baro gida ko tuwo ba ya mini daɗi. Jiya na yi mafarkinki, na tashi ina hawaye."

Jama'a, mutumin da ko sunan 'yarsa ban taɓa furtawa a gabansa ba, ga shi kafaɗarsa tana taɓa tawa. Na so ƙasa ta tsage. Radiyo kuwa ba ruwanta: "Kada ki bari Baba ya ji wannan. Ki jira sai ya tafi daji da tsohuwar bindigar nan tasa da ba ta kashe ko gafiya." Daga nan na soma rera mata waƙa (Allah bai ba ni murya ba, sai a ranar na tabbatar).

Abin mamaki, dila bai gudu ba. Tsayawa ya yi cak, ya karkata kai. Da na daure na kwanta, da Baba ya same shi. Amma sai na zabura na nufi radiyo a guje, na shiga tsakanin bindiga da dila, ƙafar wando ta harɗe ni, na faɗi rub da ciki. Kafin in ɗago, dila ya koma duwatsu, ni kuma ina can ina ta waƙa.

Illa yana birgima yana cewa, "Ango, bari a ƙarasa baitin mana!"

Baba ya sauke bindiga, ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Dila ya iya saurare, kai ne ka kasa." Har ya juya, sai ya ƙara da cewa, "Gafiya kuma ta kashe. Biyu."

Bayan kwana uku ya aiko Illa ya ari radiyon. Baba ya ajiye ta kusa da hannunsa, inda zai kashe ta da kansa kafin a kai wurin muryata, kuma kafin hantsi ya dawo da dila a kafaɗa. 'Yar ja ta rayu, har ta ba mu jikoki. Dije ce kawai ba ta yafe mini da wuri ba, wai wurin da na goge shi ne wurin da ta fi so.

Na yi wata guda ina zagaye unguwar surukina ta bayan gari, kafin na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Tun daga ranar ban sake raina sana'ar tsoho ba, kuma ba na kunna kaset a gaban kowa, ko da dila ne, sai na saurare shi ni kaɗai har ƙarshe.