Rasuwar Fayil ɗin Ranakun Biki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ake yi don idon jama'a, Injiniya mai kula da shafin intanet na ɗakin taro yana sanar da rasuwar dattijo ranaku.txt, fayil ɗin rubutu zalla da shafin ke karantawa layi-layi don ya san ranar da aka kama da wadda take a buɗe.

Marigayin ya yi zamansa a wani lungu na sabar ofis, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ba makulli ba mai gadi. Duk wanda ya ga dama ya buɗe shi ya yi rubutu. Bai taɓa musu da kowa ba: ka rubuta masa talatin ga Fabrairu, ya miƙa wa shafi da hannu biyu. Wannan sakarcin shi Manajan ɗakin taron ke kira biyayya. Shekara da shekaru Injiniya na roƙon a koma rumbun bayanai na gaske, Manaja na ce masa iyayin ya yi yawa.

Ciwon ajali ya same shi a hannun Manajan da kansa. Ya lallaɓa zai goge sunan wasu bayin Allah da suka kama Asabar mai zuwa, ya sa na 'yarsa. Ya danna abin da bai sani ba, rubutun duka ya yi shuɗi, ya buga sunanta a kai, ya adana abinsa. Duk sauran rubutun ya goge. Shafi ya zo karatu, ya tarar da suna ba rana, ya shelanta wa duniya cewa kowace Asabar a buɗe take. Nan take wani ango ya kama Asabar ɗin mai zuwa.

Marigayin ya rasu ya bar 'ya'ya uku, ranaku_sabo, ranaku_na_ƙarshe da ranaku_kar_a_taɓa, dukkansu na bara, babu mai amfani a cikinsu. Ya kuma bar Injiniya ba aiki, domin Manaja ya riga shi zuwa gaban Hajiya mai ɗakin taro, ya rantse cewa Injiniya ne ya kashe marigayin. Abin ya ci wa Injiniya rai ƙwarai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ƙofar ɗakin taro, daidai lokacin da motocin amare uku za su iso tare. Manaja ne zai karɓi gaisuwa, surukansa na kallo. Injiniya zai halarta daga tsallaken titi, kuma zai zo da kujerarsa.