Mai Dogon Wuya Ya Koma Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau baƙin mai bai gama hita daga gare su ba, Sidiki Ɗan'inna, mai jigilar albasa daga Garou zuwa kasuwar Malanville, yana sanar da dangi da abokan sana'a rasuwar Mai Dogon Wuya, wato kolektar ɗin tsohuwar motarsa. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, kolektar shi ne bututun sanholo mai rassa huɗu da ke shaƙo iska da isansi, wato fetur, ya raba wa inji.

Marigayi ya yi shekara ashirin da shida yana aiki. Adali ne na ƙin ƙarawa: silinda huɗu, kowace da rabonta daidai, bai taɓa cutar ta ƙurya ba. Rassansa dogaye ne sirara, shi ya sa iska ke shiga da ƙarfi ko da inji na tahiya a hankali. Da wannan baiwa motar ke hawa tudun gonakin Garou da lodi har sama, tana "huuum, huuum" kamar sa mai ƙoshi. Aibinsa ɗaya ne, ba ya gudu. A hanyar Guéné masu babur kan wuce suna ɗaga wa Sidiki hannu, abin kuwa na cin ransa.

Marigayi bai yi jinyar ko kwana ɗaya ba, kuma wannan shi ke hana Sidiki haɗiye tuwo. Rabiou makanike ne ya nuna masa wani sabon kolektar, gajere mai faɗin baki, ya gaya masa gaskiya tsakani da Allah: gajere na ba da gudu a kwalta, amma yana rage ƙarfin jan kaya. Sidiki, bawan Allah, rabin maganar ya ji, rabin gudun. Aka kwance dattijo da ransa da lafiyarsa. Da Abdulbaƙi mai zubin tukwane ya biyo neman tsohon sanholo, Sidiki da hannunsa ya miƙa masa, har da cewa ya rage masa tarkace.

Ranar farko ya wuce babura bakwai yana dariya. Washegari a Garou aka yi lodi, mota ta tunkari tudu, ta ce "kuf, kuf, kuf", ta sulalo da baya. Sau uku! Manoma suka sauke buhunansu, suka kira mai amalanke, suka rabu da shi har ƙarshen kakar bana.

Sidiki ya hau babur ya nuhi maƙerar Abdulbaƙi. Ya tarar da murhu da sauran zahi, ga sababbin tukwane uku suna hucewa cikin rairayi. An nemi irin marigayi a Gaya, an nema a Kandi, an yi waya har Parakou. Babu. Wayyo Sidiki!

Marigayi ya bar silinda huɗu suna haki, da magaji wanda kwalta kawai ya sani, da Sidiki, wanda ya rasa wanda zai zarga.

Babu gawar da za a wanke. Abdulbaƙi kansa bai san wace tukunya ce ba, sai ya bayar da dukansu a gwada. Suwaiba, uwargidan Sidiki, ta dafa shinkafa a kowace, biyu suka ƙona gefe. Ta uku ta raba zahi daidai, ko ƙwaya ba ta kama ba. Sidiki ya leƙa ciki, ya gane mutuminsa, ya juya baya yana share ido da hula.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis bayan la'asar, a inuwar motar, ƙofar garejin Rabiou. Cikin marigayi za a dafa shinkafar sadaka. Ana roƙon masu zuwa daga Garou su taho da albasar miya a kan kekensu, don babu mai ɗauko ta.